Kan Kifi a Turmin Goggo

Hayyin Ashir, Alƙahira
9 ga Yuni, 2013

Zuwa ga Goggo Husaina, Yelwan Yauri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar nan taki, ya kasuwa, ya mutanen bakin ruwa? Mu nan lafiya lau. Surukarki Shafa'atu tana gaishe ki. Jikarki Fiddausi ta cika shekara tara, har ta fara gwada azumin rabin yini tun watan bai kama ba. Nama ya yi tsada, mun koma wake da burodi safe da yamma kamar 'yan gari, amma mun saba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Ke kika ce waya ta gaisuwa ce, kunnenki ba ya ɗaukar dogon zance a cikinta. Wannan kuwa dogo ne, sau uku ina rubutawa ina yagewa. Abdurrahim, ɗalibin nan ɗan unguwarku da zai zo hutu, shi zai kawo miki.

Kin san tun da maigidan da na zo yi wa tuƙi ya gama wa'adinsa ya koma gida, nake koyarwa a 'yar makarantar da iyaye Hausawa suka haɗa a unguwar nan. Yara ashirin da shida ne, na Najeriya da na Nijar da Hausawan Sudan. Da takardar makarantar ake sabunta mini iƙama, wato izinin zama a ƙasar nan, kuma tawa za ta ƙare ran 20 ga Oktoba. To yanzu wani saurayi, Ustaz Haisam, ya gama digiri yana son ajin, gurbi kuma ɗaya ne. Shugabanmu Malam Jibrin ya ce bayan ƙaramar Sallah kwamitin iyaye zai zauna a bayan aji ya ga darasin kowannenmu, sannan a zaɓa. Ni kin san iyakata sakandare. In ba a zaɓe ni ba, babu takarda, babu iƙama, sai mu tattara mu taho, Fiddausi ta bar karatu a tsakiya.

Babin da ya faɗo mini a littafin tarihi na kifi ne. Kada ki yi dariya. Wani kifin teku ne na ƙasashen sanyi, Turawa na ce masa kod. Mutanen Nowe suna rataye shi a iska ya bushe, ba gishiri ba hayaƙi, ya yi tauri kamar itace, ya shekara bai lalace ba. Da shi a matsayin guzuri suka iya ƙetare teku tun kafin a san injin jirgi. Daga baya mai gishirinsa aka riƙa ciyar da bayin da aka kwashe daga ƙasashenmu zuwa gonakin rake. Ƙasashe sun yi faɗa a kansa. A ƙarshe a Kanada aka kama shi har ya ƙare, hukuma ta rufe ruwan, dubban masunta suka zauna.

Da na karanta sai na gane ashe shi ne busasshen kifin nan da 'yan kasuwa Ibo ke sayarwa, okporoko. Ni jikan Sarkawa masunta, ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Ba na so in tsaya gaban yara ina nuna musu hoto. Don haka ga roƙona. Na ɗaya, ki samo mini shi. Na biyu, da kansa, domin kan ne ke nuna kamanninsa. Na uku, ki ba Abdurrahim in zai dawo. Ko ɗaya ne ya isa, saboda yara nake roƙo.

Ɗanki,
Sabo

*

Yelwa
12 ga watan Azumi

Sabo ɗan Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo. Kasuwa sai godiya. Ka gaishe da Shafa'atu, ka ce wa kishiyata Fiddausi ta bar azumin nan, ba a rubuta mata ba tukuna.

Takardarka ta zo, na karanta da idona sau biyu, yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Sannan na kunna rediyo na ji abin da ake yi a garin naku: an sauke shugaba, mutane sun tare hanya, ana harbi. Na tambayi Abdurrahim inda ake taron, ya ce da ƙafa ma sai ka je daga gidanku. Daga nan na ajiye takardar na ce to, na gane.

Ni na goya ka, Sabo. Gidanmu namiji ba ya buɗe baki ya ce babu. Ubanka, Allah ya jiƙansa, shekarar da ruwa ya cinye masa taru, bai ce da kowa uffan ba. Sai ya aiko wai yana son ɗanɗana dawar gonarmu ya ji ko irin ya yi kyau. Buhu aka kai masa, bai dawo da ko tsaba ba. Kai kuma ka zagayo ta ƙasar sanyi da bayi da jiragen ruwa, shafi biyu cur, don ka ce mini wake kuke ci safe da yamma. Saboda yara kake roƙo. Na ji.

Na je wurin Mama Nkechi na sayi kawunan kifin katakon nan guda takwas. Nan kai kawai ake kawowa, jikin ban san wa ke cinye shi ba. Na ce wa zai tsaya jiƙa wannan abu kwana biyu a gidan bene, ana harbi a waje? Sai na sa a turmi. Taɓarya ɗaya ta tsage a kansa. Na tankaɗe, na haɗa da daddawa da yaji da 'yar citta, cokali biyu ya isa tukunya. Ga kuka da kuɓewa busasshiya a ciki. Tsakin da ya ƙi wuce rariya na ƙulle shi daban a tsumma, a jefa a miya don ƙamshi a tsame, ba a zubar da abinci.

Kada ka yi mini godiya, kada kuma ka ji kunya. Ban faɗa wa kowa ba.

Goggonka,
Husaina

*

Hayyin Ashir
3 ga Satumba, 2013

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin yi Sallah lafiya, ƙafa kuma ta ƙara sauƙi. Mu dai Allah ya tsare. Ba zan ba ki labarin abin da aka yi a tsakiyar watan jiya ba, kin ji a rediyo. Kwana shida ba mu sauka ƙasa ba. Har yanzu akwai dokar hana fita. An rufe makarantar tun lokacin, shi ya sa aka ɗaga ranar gwajin zuwa Asabar 5 ga Oktoba, kwana goma sha biyar kafin iƙamata ta ƙare.

Abdurrahim bai samu dawowa ba sai ran 28 ga Agusta. Na je har unguwar Ard al-Liwa na karɓo saƙon, na rungumo shi a mota kamar jariri. Tun a hanya na ji jakar ta yi laushi, na ce wataƙila kin naɗe shi da zane ne.

Goggo, ban san yadda zan faɗa ba tare da na saɓa miki ba. Ba yunwa na rubuto miki ba. Abin da na rubuta shi nake nufi. Na ajiye kwafin wasiƙar a littafin da nake rubuta al'amuran kullum, na duba layi bi layi, na ga na ce da kansa, na ce don ya nuna kamanninsa. Kai takwas kika samu, kai takwas! Ko ɗaya da kin bari. Yanzu me zan ɗaga a gaban kwamiti? Roba da gari? Tun watan Yuni na shaida wa Malam Jibrin cewa kifin yana tafe daga gida, shi kuma ya faɗa wa iyaye, yara har tambayata suke in mun haɗu a matakala. Jiya Ustaz Haisam ya tsare ni a ƙofar masallaci yana murmushi, wai ya labarin baƙonmu na teku, ko an hana shi biza ne.

Na zaga neman sa a nan. Akwai mai gishirinsa da Misirawa ke ci, amma wani mai shago ya ce ba lokacinsa ba ne, kuma ko ya zo fallen tsoka ne fari, ba kai ba wutsiya. Ya ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri. Kowa ma'alish yake ce mini.

Wataƙila laifina ne da na sa zancen wake. Na rasa abin da ya kai ni. Amma da kin kira kin tambaya kafin ki ɗauki taɓarya. Ba kowace magana ce ke da wata a ƙarƙashinta ba, ni kuma ba Baba ba ne.

Wani mai sarin jallabiya zai sauka Kano jibi, zai ba direban Yauri wannan takardar.

Sabo

*

Hayyin Ashir
19 ga Satumba, 2013

Goggo,

Assalamu alaikum, ya jiki, ya ruwa? An ce kogi ya cika bana, Allah ya sa bai shigo muku rumfa ba. Shafa'atu ta yi mura ta warke. Fiddausi lafiya.

Kwana goma sha shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Sau biyar na kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na rubuta ranakun. Ban sani ba ko wasiƙar ce ba ta isa ba, ko kuwa ta isa ne shi ya sa. Shafa'atu ta karanta kwafin, ta ce da ita ce ke, ita ma ba za ta ɗauka ba. Layin ƙarshen nan da na ambaci Baba, da ina iya bin direban in goge shi da na yi. Ki yafe mini.

Ga abin da ya faru. Ran Juma'a na kwance tsumman tsakin nan na zazzage a faranti, ba don komai ba sai don in ga abin da ya rage. Na sami haƙora ƙanana masu lanƙwasa ciki kamar ƙugiya, da guntayen muƙamuƙi, da wasu fararen duwatsu kamar ƙwayar wake, santsi gare su, ba ƙashi ba ne. Goma sha ɗaya na tsinta, bakwai taɓarya ta raba su biyu. Na koma littafin, can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe aka ce kifin yana da dutse biyu a kunne, kuma masu bincike suna karya shi a tsakiya su ƙirga layukan ciki su san shekarunsa, kamar na kututturen itace. Na ari gilashin wani mai gyaran agogo a ƙasan gidanmu na duba. Akwai layukan, Goggo. Sai da na ajiye gilashin na goge idona.

Amma ban sani ba ko wannan ya isa darasi. Na tsara shi sau huɗu. Minti arba'in aka ba ni, in na karanta a tsaye gaban madubi yana cin hamsin da biyu. Shi Ustaz Haisam an ce da na'urar haska hoto a bango zai zo. Ni zan zo da tsakuwa a faranti, ina warin daddawa. Magen unguwar nan uku sun tare a ƙofarmu tun ranar da na buɗe tsumman, mai gadin gida har ya yi mini magana.

Wani lokacin sai in ga gara in je in ce wa Malam Jibrin na janye, da a kore ni a gaban 'yata, domin tana cikin ajin. Me kika gani? Ko kalma ɗaya ce ki aiko.

Ɗanki,
Sabo

*

Yelwa
26 ga Satumba

Sabo,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ruwa ya zo bakin rumfa ya gaishe mu ya koma.

Takardunka biyu duk sun iso. Ta farkon na karanta na sa ta ƙarƙashin tabarma na zauna a kanta mako biyu. Wayar ina ganin ta tana haske, na ce bari ta gaji. Da na ɗauka a lokacin, da na faɗa maka abin da sai an haɗa mu da manya, manyan kuma duk sun mutu sai ni. Ka ce kai ba Baba ba ne. Gaskiya ne, shi takardarsa ba ta kai shafi biyu.

Wani kan ba zai same ka kafin ranar ba, babu mai tahowa sai alhajin da zai kawo maka wannan, shi kuma ya ce takarda kawai zai ɗauka, ba zai sa wari a kayansa ba. To ka riƙe abin da ke hannunka. Tsakuwar kan kifi ce ka tsinta. Sai yanzu ka san ta? Kowane kifi da tasa. Ta giwan ruwa muke wasan 'yar carafke da ita muna yara. Layukan ciki ne ban sani ba, wannan kai ka koya mini.

Maganar janyewa kuwa kada in sake ji. Ka kuma bar madubin nan ya huta. In ka zo wurin da kifi ya ƙare a ƙasar Turawa, ka rufe littafi ka gaya musu namu. Kakanka ya kama giwan ruwa da sai da maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki. A lokacin in Sarkin Ruwa ya ce an rufe wuri don kifi ya yi ƙwai, ko tsuntsu sai ya yi shawara. Yau da gidan sauro ake su, ana kwashe 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Rabon da giwa mai tsawon hannuna ta shigo rumfata, shekara huɗu. Ba sai sun je Kanada ba.

Saura abu ɗaya. Ka cika takarda biyu da kukan kai da tsakuwa da mage, ba ka ce komai a kan garin ba. Mudu uku ne na auna. Yana ina?

Goggonka

*

Hayyin Ashir
13 ga Oktoba, 2013

Goggo,

Assalamu alaikum. Barka da shirin babbar Sallah, Allah ya maimaita mana. Ya ƙafa? Mu duka lafiya. Wasiƙarki ta same ni ran Alhamis, saura kwana biyu gwajin. Zan ba ki labarin a jere yadda na rubuta shi.

Ustaz Haisam ya fara. Darasinsa a kan kogin Nilu ne, da hotuna a bango, ya gama a minti arba'in daidai. Ya iya, ba zan ɓoye ba.

Da aka kira ni, na shimfiɗa jarida a kan tebur huɗu, na raba tsakin, na ce wa yara ga baƙon da na yi musu alkawari, ya iso amma ya bi ta turmin goggona, kowa ya nemo mini abin da zai iya ganewa. Aka yi dariya. Malam Jibrin ya tashi ya buɗe taga. Na manta da jerin da na tsara tun a nan. Wata yarinya ta sami haƙori ta ce na ɓera ne, sai muka shiga abin da kifin ke ci. Wani ya ƙwanƙwasa guntun ƙashi a tebur ya tambaya yaya ake cin wannan, daga nan muka hau jirgin mutanen Nowe, muka je gonakin rake. Da na ce musu har lokacin yaƙin basasar ƙasarmu an kai shi agaji ga yaran da yunwa ta kama, wani uba a bayan aji ya gyaɗa kai.

Sannan gilashin agogo ya zaga. Akwai wani yaro Hussain, ɗan Hajiya Mahasin, Bahausar Sudan ce 'yar kwamiti. Shekara biyu yana ajina, Larabci kawai yake amsa mini. Ya ƙirga layukan ya ce tara, Fiddausi ta ce bakwai. Suka kaure, sai ji na yi ya ce mata da Hausa tsantsa, “Ke ba ki iya ƙirga ba, sa'anki ne!” Uwarsa ta rufe baki da mayafi.

Shi ne kuma ya tambaya in an ci gaba da kamawa ba za su ƙare ba. Na rufe littafin kamar yadda kika ce. Na ba su Kanada a taƙaice, na ba su ƙyauren ɗaki da maza huɗu da gidan sauro. Na duba agogo, na wuce da minti ashirin da biyar.

Kwamiti ya yi kwana uku bai ce komai ba. Na fara tambayar kuɗin jirgi a ɓoye. Daga baya na ji yadda aka yi. Malam Jibrin ya ce na wuce lokaci, na tsallake shafi biyu, kuma ajin ya kwana biyu yana wari, duk gaskiya ne. Hajiya Mahasin ta ce ita ɗanta ya hana ta sakat da zancen wata tsohuwa mai turmi a Yauri, har ya farfasa kan kifin da ta soya yana neman tsakuwa, kuma da Hausa yake yi. Huɗu suka zaɓe ni, uku suka zaɓi Ustaz Haisam. Ran Laraba Malam Jibrin ya miƙo mini takardar ya ce khalas, wato shi ke nan, amma nan gaba in zan kawo baƙo a yi masa wanka. Ran Alhamis na kai ta ofishin iƙama, an karɓa, shekara ɗaya. Ustaz Haisam ya sami wani wuri a unguwar Mohandessin, na je na yi masa murna. Har yanzu ina tunanin ƙuri'a ukun nan, ban ce sun yi kuskure ba.

Saura tambayarki. Na so in tsallake ta, Shafa'atu ta ce in na tsallake ita za ta rubuto.

A watan Yuni da na roƙe ki, wallahi kifin darasi nake nufi. Amma tun da aka rufe makaranta a Agusta albashi ya tsaya, iyayen ma ba su da shi. Ranar da na ɗauko saƙonki, abin da ke gidan nan shinkafa ce kaɗan da gishiri. Ban faɗa wa kowa ba, ko a littafina ban rubuta ba, na duba. Kwana talatin da ɗaya muna cin garin nan da kukarki, cokali biyu a tukunya yadda kika ce. Wasiƙar da na yi miki faɗa a ciki, da miyarsa a cikina na rubuta ta.

Kin ce kada in yi godiya, to ban yi ba. Ran Sallah bayan an sauko idi zan kira. Gaisuwa ce kawai, ki ɗauka.

Ɗanki,
Sabo